Hoton Maƙogwaron Babanku

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a danginku na wajen uba, kuma na san ta shiga kunnuwanku, ko da yake babu wanda ya taɓa maimaita mini ita a cikinku. Ana cewa ni na ɓata wa babanku murya. Wai an ɗauki hoto a asibiti an ce lafiyarsa ƙalau, amma ni da taurin kaina irin na 'yan kasuwa na ja shi aka zura masa ƙarfe a maƙogwaro, daga nan ladanin unguwa ya koma mai raɗa. Ban taɓa tanka wa masu faɗin haka ba, don a lokacin ina da aikin da ya fi musu. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, shi kuma Allah Ya karɓi abinSa, zan faɗa muku yadda aka yi. Ku riƙe shi yadda na ba ku.

Da wake kuka san ni. Na fara da kwano a tsakar gidanmu na Wunti, ina auna wa masu ƙosai da masu alala, har Allah Ya sa na kai ga rumfa a kasuwar Muda Lawal, ina sauke buhuna daga mota. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini sana'ar nan, asara ce malamata. Abu na farko da ta koya mini shi ne bakin buhu ba ya shaidar gindinsa. Mutum zai kwance maka buhu ka ga wake fari tas, ƙwaya manya, har ranka ya biya. Ba lallai macuci ba ne, wani shi kansa bai san abin da ke ciki ba. Shi ya sa muke da masoki, wani siririn ƙarfe mai rami da ake soka wa buhu a ciki da gindi, ya fito da 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Kuma ko an fito da su ban cika yarda da ido ba, sai na sa haƙori na fasa, don ƙwaron wake tun yana gona yake shiga, ya kwanta a cikin ƙwaya, bayanta sumul. Da wannan na ci abinci, da shi na aurar da ku. Ban san wata rana da shi zan yi rigima a kan ran mijina ba.

Babanku kuwa, Malam, ba ruwansa da kasuwa. Yana ɗinkin hula, yana karantar da yara, kuma shi ne ladanin ɗan masallacin layinmu tun kafin a kawo ni gidan. Ku manya kun riski muryarsa ta ainihi. Idan aka ɗauke wuta lasifika ta yi shiru, ba ya ko damuwa, sai ya hau dakali ya sa yatsu a kunne, teloli su tsayar da kekunansu tun daga bakin titi. Ba shi da gona, ba shi da mota, wannan muryar ita ce abin da ya mallaka. Yana kirana Sarauniyar Wake idan yana jin tsokana, ni kuma ban taɓa kiransa da komai ba sai Malam.

A shekarar da nake ba ku labari, muryar ta dushe bayan ƙaramar salla. Muka ce mura ce. Aka sha zuma, aka sha citta da kanumfari, aka yi turare, aka kawo rubutu. Damina ta sauka ta ɗauke, murya ba ta dawo ba. Ina daga cikin gida ina jin yadda kiran yake karyewa a tsakiya, ya tsaya ya yi gyaran murya, ya sake ɗauka. Ranar da na ga ɗigon jini a abin da ya tofar bayan alwala, na ce masa asibiti za a je, kuma ban faɗa da sigar shawara ba. Likitan farko ya duba shi ya tura shi hoto a wani wuri cikin GRA, inda suke da na'urar nan mai kama da bakin rijiya, a kwantar da mutum a tura kansa ciki. Ranar hoton mota tana sauke mini kaya, don haka yayansa, Baffanku Sale, shi ya ɗauke shi a motarsa, shi ya kuma mai da shi wajen likita da sakamakon. Baffa Sale mutum ne mai son ɗan'uwansa, kada wanda ya gaya muku akasin haka. Shi ya riƙe Malam bayan rasuwar mahaifinsu, kuma ɗansa ne ke auren 'yar farina, wadda ba na faɗin sunanta.

Na dawo da la'asar na tarar da gida cike. Tun daga zaure nake jin muryar Baffa.

"Babu komai! Hoto ya wanke shi tas. Babu komai, alhamdu lillahi!"

Mata suna ta barka, har an aika a sayo gero don sadaka. Ni ma na yi hamdala, don ba dutse ba ce ni. Amma kun san mu Hausawa da "ba komai". Mutum zai taka maka ƙafa ka ce ba komai, ɗakinka zai rushe a zo jaje ka ce ba komai. Kalma ce ta kwantar da rai, ba ta awo ba. Da mutane suka watse na kai wa Malam ruwa, na zauna.

"Malam, me likita ya ce da bakinsa?"

"Ai kin ji. Ya ce ba a ga komai ba."

"Ba a gani ba, ko babu?"

"Hajiya, ai duk ɗaya ne."

"Kai da kake tsayar da yaro tun hantsi a kan wasali ɗaya, yau kai ke cewa duk ɗaya ne?"

Ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari. Da ya lafa sai ya faɗa mini ragowar. Likita ya ce duk da haka a kai shi wajen likitan maƙogwaro a leƙa, amma tun a mota Yaya ya ce ba sai an je ba, tunda na'urar da ta fi ido ta riga ta yi magana.

Washegari na ɗauki hoton a cikin babbar ambulan ɗinsa, na tari keke na tafi asibiti ni kaɗai, na yi zaman layi har na ga likitan maƙogwaron. Mutumin kudancin jihar nan ne, mai haƙuri, Hausarsa irin wadda mace da namiji duk "kai" ne. Ya ɗaga hoton a jikin fitila ya daɗe yana kallo. Na ce masa ni ba karatun boko na yi mai zurfi ba, tambaya ɗaya na zo da ita.

"Likita, hoton nan yana ƙarya?"

"Ba ya ƙarya, Mama. Amma ba kome da kome yake gani ba."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce idan ciwo ya yi ƙullutu, ko ya nutsa cikin nama, ko ya kama kaluluwar wuya, hoton nan gwani ne, zai nuna inda ya kai da inda ya tsaya, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Amma idan abin yana nan shimfiɗe a saman igiyar murya, bai fi kaurin bawon albasa ba, yana iya wucewa hoto bai kama shi ba. Ya ce kuma ko da hoto ya ga abu, wuri yake nunawa, ba ya faɗin suna. Mai faɗin suna shi ne a leƙa da siririn bututu mai fitila, in an ga abin da ba a yarda da shi ba a gutsuro ɗan mitsitsi a kai ɗakin gwaji.

"Mutum ya yi watanni murya a dushe, ga jini, ba zan sallame shi da hoto kaɗai ba," in ji shi. "Hoton nan albishir ne, Mama, amma ba irin wanda kuka ɗauka ba. Cewa yake yi in ma akwai abu, bai yi nisa ba. Yanzu ne lokacinsa. Ka kawo shi."

A raina na ce, an kwance bakin buhu ke nan, saura masoki.

Da labari ya kai wa Baffa Sale cewa na je asibiti, bai aiko ba, da kansa ya zo. Ya ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa masa.

"Rakiya, Allah Ya rufa mana asiri, ke kina neman abin tonawa? An ce babu, kin ce sai an samo?"

"Yaya, ba a ce babu ba."

"To ko da akwai, ke ba ki san ciwon daji ba ya son ƙarfe ba? Yana kwance abinsa, ana taɓa shi sai ya tashi ya bazu. Ba ki ga maƙwabcina ba? Da ƙafarsa ya shiga asibiti, aka yanka, bai ga wata sallar ba."

Wannan magana kowa ya taso da ita, ni ma da ita na taso. Na san maƙwabcin nasa, na kuma san sai da wuyansa ya kai girman ƙwarya, ya daina haɗiyar ruwa, sannan aka kai shi. Na faɗa masa haka. Na ce ba ƙarfe ne ya kashe shi ba, an kira masu kashe gobara ne bayan jinka ta faɗi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don bai saba mace ta mayar masa da magana ba, balle matar ƙanensa.

"Ɗan'uwana ba buhun wake ba ne da za ki soka ki gani. In wani abu ya sami muryarsa, ke ce."

"Na ɗauka, Yaya."

Ya kaɗa riga ya fita. Duk wannan Malam yana ɗaki yana ji. Ga abin da masu ba ku labari ba su sani ba, don ba sa nan. Ban ja babanku ko'ina ba. Mutum ne da hankalinsa, ba akuya ba. Da na shiga na same shi da hula a hannu, allura a tsaye, bai ɗinka komai ba.

"Hajiya, ki bar ni da hotona mana," ya ce. "In suka taɓa wurin nan, na san ba zan ƙara kira ba."

Na so in lallashe shi, amma ban iya sayar da kaya da ƙarya ba, ko ga baƙo, balle shi. Na ce ban san ko zai ƙara kira ba, likita ma bai yi mini wannan alkawarin ba.

"Amma Malam, gara wani ya yi kira kana cikin sahu, da wani ya yi kira kana kwance a gaban liman."

Maganar ta yi nauyi, na sani. Ya juya mini baya. Kwanaki muka yi daga sannu sai sannu, ina kai abinci ina ɗauke kwano. Ban sake tayar da zancen ba, don na san ciniki: in ka faɗi gaskiyar farashi, sai ka yi shiru ka bar mai saye da zuciyarsa. Ran nan da safe ina shirin fita kasuwa, sai ga shi ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a, alhali ba Juma'a ba ce.

"Sarauniyar Wake," ya ce, "ɗauko masokin naki mu je."

Aka leƙa, aka ga ɗan wuri fari-fari a gefe ɗaya na igiyar muryar. Aka sa masa rana, aka sa shi barci, aka gutsuro. Da sakamako ya fito likita ya zaunar da mu mu biyu, bai yi kwana-kwana ba, ya ce daji ne, amma ƙarami, bai bar inda ya tsiro ba. Malam ya ce inna lillahi, sannan ya ce alhamdu lillahi, ya rasa wanne ya fi dacewa. Ni kuwa na tambayi abin da za a yi da kuma yaushe.

Maganinsa shi ne a riƙa gasa wurin da hasken na'ura kusan kullum, kuma a lokacin sai an je Zariya. Na saki waken da na ajiye tun lokacinsa bai yi ba, na rufe rumfa, na kama mana ɗaki kusa da asibiti. Ba zan ɓoye muku wuyar da ya sha ba. Fatar wuyansa ta yi baƙi ta saɓule, bakinsa ya bushe, tuwo ya gagare shi, sai kunu mai ruwa-ruwa da nake tacewa a rariya yana kurɓa yana hawaye. Akwai safiyar da ya zauna a bakin katifa ya girgiza kai, alamar yau ba za shi ba. Na ajiye masa takalmansa a gabansa na tsaya. Na ce mun riga mun shiga kogi, tsakiya ba wurin hutawa ba ne. Ya harare ni, ya sa takalman. Haka muka yi har aka gama, bai tsallake ko rana ɗaya ba.

Muka dawo Bauchi. Murya ta dawo a hankali, amma ba waccan ba. Wata ce ƙasa-ƙasa, mai kaushi, in kana ɗaki ɗaya da shi za ka ji shi sarai, in ka fita tsakar gida sai ka kasa kunne. Ya gwada kira sau ɗaya da azahar, ina tsaye a bayan ƙofa. Ya yi kabbarorin farko, da ya zo inda ake jan numfashi a ɗaga, muryar ta ƙi tashi. Ya miƙa wa wani tela abin maganar ya koma cikin sahu. Wannan shi ne kuɗin abin da muka saya, kuma shi ya biya, ba ni ba. Nawa kason mai sauƙi ne: Baffa ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, a wajen biki mata su yi shiru in na shigo, masu sayen wakena da yawa sun koma wasu rumfunan. Na sake tara su da ɗaya ɗaya.

Shekara ta zagayo aka sake hoto don a ga yadda wurin yake. Wannan karon sai ga wani duhu a daidai inda aka gasa. Kafin mu koma wajen likita labari ya riga ya fita, gidan da aka yi barka a kan hoton farko ya koma gidan makoki a kan na biyu. 'Yar farina tana gida a lokacin, ta zo goyon ciki, wata ya kusa, tana ta kuka. Malam ya fara raba littattafansa. Baffa Sale ya zo, karo na farko tun rigimarmu, idonsa ja. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

"Ga shi nan, Rakiya. An taɓa, ya tashi."

Gabana ya faɗi kamar na kowa. Amma na tambayi kaina tambayar da na yi wa Malam bara. An ga daji, ko an ga abu? Na sha sayen buhun da ruwan sama ya ɓata wa baya, ya yi baƙi kowa yana gudunsa, a soka a tarar da wake lafiyayye. Na ce da su ban yarda da hoto shi kaɗai ba ranar da ya faranta mana, ba zan yarda da shi shi kaɗai ba yau da ya tsorata mu. Na karɓe littattafan daga hannun Malam na mayar da su kan kantarsu. Likita ya ce haka ne, gashi yana barin tabo da kumburi, kuma a hoto tabo da ciwo sukan yi kama kamar wa da ƙane. Yana iya zama ya dawo, yana iya zama ba shi ba ne, sai an leƙa an gutsuro. Kada ku ce na san abin da zai fito. Ban sani ba. Na dai riga na yanke cewa in ya dawo za mu koma Zariya, har na fara tambayar ɗakin haya. Wannan karon ba ni na ce a je ba, Malam ne ya tambayi likita ranar da za a yi.

Tabo ne. Ba a sami komai a cikinsa ba sai naman da ya warke.

Bayan haka ba da daɗewa ba yarinyar ta sauka, da hantsi, ta sami 'ya mace. Aka aika wa dangin uba, Baffa ya zo, tunda jikarsa ce ta wajen ɗa kuma shi ke da hakkin yi mata kiran salla a kunne. Aka naɗo jaririya a zane aka miƙa masa a tsakar gida. Malam yana gefe a kan buzunsa. Baffa ya karɓe ta ya buɗe fuskarta, ya daɗe yana kallo. Sannan ya taka ya durƙusa a gaban ƙanensa, ya ɗora masa ita a cinya.

"Ga ladan a zaune, ni me zan yi?"

"Yaya, ai muryar..."

"Kunne ɗaya ne, Idi, ba unguwa ba."

Ina tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu. Malam ya sunkuya ya kai bakinsa kunnenta na dama. Daga inda nake ban ji ko kalma ɗaya ba, leɓɓansa kawai nake gani, amma na ga ya kai har ƙarshe bai tsaya gyaran murya ba. Baffa bai dube ni ba, bai kuma taɓa ce mini na yi daidai ba har ya bar duniya. Da zai fita dai ya tsaya a bakin zaure ya ce a auna masa wake, na tsakiyar buhu.

Babanku ya rayu shekaru masu yawa bayan wannan, kuma ba maƙogwaro ne ya yi ajalinsa ba. Bai sake hawa dakalin masallaci ba, wannan gaskiya ne, kuma na san ya yi kewarsa har ranar da ya rasu. Amma duk wanda kuka haifa kafin ya rasu, shi kuka kawo wa, shi ya sunkuya a kansa. Saboda haka in aka sake cewa a gabanku uwarku ce ta ɓata wa ladan murya, kada ku yi musu da kowa, manyanku ne. Ku dubi 'ya'yanku kawai. Kiran salla na farko da ya shiga kunnen kowannensu, da wannan ɓatacciyar muryar aka yi shi.